Rigar Juma'a a Gonar Khaibar

Karyar ta kama bakin rigarsa tun kafin ya gama buɗe ƙofar gonar.

Issoufou ya fizge, ya kai mata shuri. Farar riga ce ta Juma'a, da ita yake son shiga Harami, Masallacin Annabi. Yana shirin fita da safen nan Hajiya Sundus ta kira shi, wai akwai doki da karya a wata gonar dabino ta Khaibar, mai kula da su ya gudu. Shi ne direbanta. Ita kuwa jikar mahajjatan Kano ce, haihuwar Madina, aikinta tattara dabbobin da aka yasar, ta yi jinyarsu, ta nema musu gida.

Bai tambayi kowa makulli ba. Dutsen gindin ƙofa ya ɗaga ya ɗauko.

Dokin na tsaye a rumfa, haƙarƙari duk a waje. Ya ɓare bawon ginshiƙin da aka ɗaure shi ya cinye. Kwamin ruwansa ba komai sai laka da ta tsage.

"Kili," in ji Issoufou a hankali. Dokin ya ɗago kai.

"Wa ya gaya maka sunansa, ya waladi, ɗana?" in ji Hajiya da ke bayansa.

"Launinsa ne, Hajiya."

Mai gonar yana Jidda. Ya daɗe bai aiko da harawa ba, amma a waya shi ne mai ƙorafi: ya kira ma'aikacin har ya gaji, ba a ɗauka ba, don haka ya riga ya kai rahoto cewa ya tsere. A ɗakin ma'aikacin akwai katifa, da tukunyar shinkafa da ta yi fumfuna, da waya a kan taga.

"Har wayar ya bari, don kada a bi sawunsa," in ji Issoufou.

"Haram alaihi, bai kyauta ba. Ka san shi ne?"

"Na san irinsu. Allah ya isar wa dabbobin nan."

Ya faɗa da zafin da ya sa Hajiya ta dube shi.

Suka shayar da dokin kaɗan-kaɗan, suka lallaɓa shi cikin motar ɗaukar dabbobi. Rana ta fara zafi. Can bayan dabinai wani bututu na ƙwanƙwasa, ƙwas, ƙwas, ya yi shiru, ya sake, yadda ƙarfe kan yi in zafi ya dake shi. Karyar ta ruga wajen, ta dawo, ta sake ruga. Muryarta ta dishe, farcenta duk ya kakkarye. Da ta dawo ta kuma cafke rigar, ta ja da iya ƙarfin da ya rage mata.

Yawu ya jiƙe farin yadin. Issoufou ya dubi najasar, ya dubi inuwa da ke gajercewa, ya tuna nisan Madina. Ya zarga wa karyar igiya a wuya ya jefa ta bayan mota.

A gidan mai na kan hanya ya tsaya ya yi wa rigar wanki bakwai, ɗaya da ƙasa. Ya samu huɗuba. A sujada ya roƙi Allah ya shiryi wanda ya gudu, ko ya tona shi.

Bayan 'yan kwanaki dokin ya farfaɗo. Ya fara cin ciyawa, ido ya dawo, har wani mai koya wa yara hawa ya ce yana so. Hajiya ta yi murna. Issoufou kuwa, duk sanda Innarsa ta kira daga Damagaram, sai ya zuba wa wayar ido har ta gaji ta yi shiru. Bai san da wane baki zai gaya mata abin kunya ba.

Karyar aka ba Abdulfattah, wani mai tumaki a bayan gari. Ba a jima ba ya dawo da ita a hannu kamar buhun da ba kowa ciki.

"Ku karɓi amanarku, kada ta mutu a wuyana. Ba ta ci, igiya kawai take tauna, fuskarta arewa, wajen Khaibar. Karya ba ta irin wannan kuka sai ta bar 'ya'ya a baya."

Hajiya ta dafe ƙirji. "Ya Allah. Mun raba uwa da 'ya'yanta, Issoufou. Yalla, maza mai da ita."

Duk tsawon hanya baƙin dutsen Khaibar na wucewa ta taga, shi kuwa ƙananan bakuna yake gani, a buɗe, suna neman nono a cikin zafi. Saboda riga. Saboda bakin riga kawai.

Ya kwance mata igiya a ƙofar gona. Ranar nan ma zafin bai ragu ba, amma bututun bai ce komai ba. Karyar ta tako da kyar, ta kama ƙafar wandonsa. Wannan karon bai fizge ba.

Ta ja shi ta cikin dabinai har bakin tsohuwar rijiya. Injin famfo a kwance, an kwakkwance shi, ya ƙi gyaruwa. An ɗaure igiya a jikin dabino, ta sauka kaɗan ta tsinke. Karyar ta kwanta a gurbin da farcenta ya tona, ta sa kai a bakin rijiyar.

Issoufou ya durƙusa ya haska fitilar wayarsa.

Can ƙasa, jingine da bututun, gugan dokin cike da ruwa a gefensa, dutsen da yake ƙwanƙwasawa har yanzu a hannunsa, yayansa Zakiru, mai kula da gonar, na zaune ba numfashi, fuskarsa na kallon sama.