Bugun Tebur a Ƙasar Jamus

Ɗan'uwa, tunda ka ce karatu za ka tafi, gyara zama ka ji wani misali.

Wani saurayi ne ya samu tallafi, ya tafi jami'a a ƙasar Jamus koyon harshensu da al'adunsu. Wata biyar da zuwa, duk wanda ya kira shi daga gida sai ya ce, "Ai ni Jamusawa na shanye su kamar kunu, ko mafarki da Jamusanci nake yi." Wurin kam abin a ba da labari ne. Zauren karatunsu ya girmi kakan kakanka, kujeru hawa-hawa har kusa da rufi, mutum ɗari uku a ciki amma ko tari ba ka ji. Malaminsu wani dattijo ne mai furfura, ba ya riƙe ko takarda, sai dai ya buɗe baki tarihin shekara dubu ya yi ta zubowa, ka rantse a gabansa aka yi. Gogan naka saurayi kuwa kujerar bakin ƙofa ya kama. Takardar halarta na zagayowa ya sa hannu, ya sulale, ya tafi yawon gari da ɗaukar hoto. Alhali ba za a sabunta masa tallafi ba sai dattijon nan ya shaida yana zaman aji.

Ranar da layin gabatar da jawabi ya zo kansa, ya haddace abinsa tsaf, ya zuba, har ya burge. Yana rufe baki sai zauren ya ɗauka, kowa ya dunƙule hannu yana ƙwanƙwasa tebur, kamar ƙanƙara a kan kwanon rufi. Ashe a can haka ɗalibai ke tafi, kuma haka suke yi wa malami a ƙarshen kowace lacca. Shi kuwa abin da ya sani, a makarantarsu ta gida in aka buga wa mutum tebur, to korarsa ake yi. Nan takardunsa suka zube, ya durƙusa yana ba da haƙuri, yana tambayar laifin me ya yi. Dattijon ya zare tabarau, ya dube shi ya ce, "Ɗan samari, wata biyar muna bugun nan, sau biyu a mako. Yau ka fara ji?"

Shi ya sa Hausawa suka ce ramin ƙarya ƙurarre ne.