Takardar Rigar Sanyi

Ina aji uku a ƙauyenmu kusa da garin Suki a Sudan, farkon sanyi, ustaz ya raba mana takarda mu kai gida. An rubuta cewa za a jinkirta shiga aji da safe, kuma duk wanda babba a gidansu ya dangwala yatsa ya dawo da ita washegari, za a ba shi rigar sanyi.

Baba yana can gona wajen tsinkar auduga, sai bayan mako zai dawo. Da la'asar na miƙa wa Habboba, kakata, tana soya gyaɗa a cikin yashi. Ba ta yi makaranta ba, amma ta gane bisimillar da ke saman takardar. Ta goge hannu, ta ninke ta, ta soke a rufin ɗaki.

"Habboba, dangwalawa za ki yi in mayar."

"In ba da sunan Allah ga masu share takardu da tsintsiya? Ba ta hita gidan ga."

"Riga fa za su ba ni."

"Ga ta ubanka can rataye, maigidana. Naɗe hannun ka sa."

Na zayyana mata abin da aka rubuta, kalma-kalma, ina kuka. Ta ce kaina yana ja, ta ƙara mini gyaɗa.

Yau riɗi nake saye a Damazin, kuma babu manomin da ban iya shawo kansa ba. Tsohuwar nan kaɗai ta gagare ni. Na gama sanyin shekarar cikin jallabiyar Baba, ina taka bakinta.