Hoton da Ya Tsaya a Goshi

Wani saurayi ne ya gaji shagon ɗaukar hoto na mahaifinsa a bakin tasha. Ya tarar da faifan ajiya biyu: tsoho mai ƙugi kamar injin markaɗe, da sabo wanda marigayin ya kwafe hotunan mutanen gari a ciki kafin ciwo ya kwantar da shi. Saurayin nan ba ya iya zama wuri ɗaya, so yake ya goge tsohon ya sayar, ya huta da ƙararsa. Ya buɗe su gefe da gefe a kwamfuta. Hotunan suna, biki, saukar karatu, duk sunan hoton da ke cikin tsohon yana cikin sabon. Mai gyaran kwamfuta da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo ya ce, "Sunaye fa kawai ka gani, ɗan'uwa. Akwai ɗan umarni da ake bugawa a kwamfutar, shi zai shiga cikin kowane hoto ya gwada shi da takwaransa. Sai dai ka ba shi daga azahar zuwa la'asar." Saurayin kuwa ya ga ai idonsa ya gama aikin, ga kuma mai saye yana tsaye. Ya goge tsohon.

Bayan damina sai ga wata mata da 'yarta budurwa. Mijinta ya rasu yarinyar tana goye, hotonsa na gida kuma ruwa ya cinye shi, amma ta tuna a shagon nan aka ɗauka. Yarinyar za ta tare, tana so ta tafi da fuskar ubanta. Ya nemo sunan, ga shi nan daram. Ya danna. Hula ta fito, goshi ya fito, daga nan zuwa ƙasa sai toka-toka kamar bangon da aka shafe da siminti. Ashe wuta ta ɗauke ana cikin kwafar wannan, da ta dawo marigayin ya ci gaba daga na gaba. Cikakken yana cikin faifan da aka goge. Matar ta daɗe tana kallo, sannan ta riƙo hannun 'yarta ta ce, "Hularsa ce dai. Wanke mana haka nan." Ya wanke ya miƙa mata, ya kasa ɗaga ido.

Dama Hausawa sun ce, kama da wane ba ta wane.