Ƙasa a Gindin Randa

Tun da aka rubuta sabon tsarin mulki, ruwan sama na Tarayya ne har sai ya taɓa ƙasa, sannan ya zama na Jiha. Shi ya sa kowa ke zuba ƙasa a gindin randarsa daga ciki, don ruwan ya zama na Jiha. Wanda aka kama da ruwa garau, sai a hana gonarsa hadari damina guda.

Malam Tanimu ya dawo daga gona tare da jami'in Tarayya mai duba randuna. 'Yarsa Ramlatu ta tarbe shi da murna.

"Baba, na wanke randar tas kafin ruwan jiya!"

Malam Tanimu ya tuna geronsa da ya fara fitar da kai. Amma ko a fuska bai nuna damuwa ba.

"Ranka ya daɗe, ka sha rana. Bari in ɗebo maka."

Ya tsoma moɗa da hannunsa mai taɓo har gwiwar hannu, ya dama sosai. Jami'in ya leƙa, ya ga ruwa jajir.

"Na Jiha ne, Malam. A yi damina lafiya."

Da jami'in ya fita, Ramlatu ta tsaya kan randar.

"Baba, ɗazu har fuskata na gani a ciki."

"Na sani, uwata. Kada ki faɗa wa kowa."