Ɗan Aiken Paskal

A shekarar da fari ya cinye gero, har sojoji ke tsaron layin rabon jar dawa a Yamai, Tanimu ya iske Sesiliya a farfajiyar coci tana auna wa mata tiya-tiya. Amininsa Paskal ne ya aiko shi ya gaya wa Sesiliya, budurwar Paskal ɗin, cewa ya amsa kiran Ubangiji, zai tafi karatun zama fada, limamin cocin da ba ya aure.

Tanimu ya tsaya yana murza hularsa. Ya daɗe yana son yarinyar nan, bai taɓa bari an gane ba.

"Sesiliya, Paskal ya ce..."

"Ya gaya mini da bakinsa," ta ce, ba ta ɗago ba. "Na yi kukana na gama. A ƙauyenmu ana binne mutane babu fadan da zai yi musu addu'a da harshenmu. Ni ce zan tare masa hanya?"

"To me ya sa ya aiko ni?"

Sai a nan ta dube shi. "Ya ce zai turo mini wani mai magana a ciki, wanda ba ya motsi sai an tura shi."

Hular ta kuɓuce masa. Matan layi suka fara dariya ƙasa-ƙasa.

"In haka ne," in ji Tanimu, "mu jira ya dawo ya ɗaura mana aure."

"Karatun fada shekaru ne, Tanimu." Ta danƙa masa tiyar tana murmushi. "Wani ya ɗaura. Shi ya zo ya yi wa yaran baftisma."