Bugun Zuciyar Mati

Tun safe Altine take auna bugun zuciyar masunta a rumfar masu bincike da ke bakin ruwan Warra, har ƙafafunta sun kumbura. Na ƙarshe a layi shi ne Mati, wanda ya daɗe yana cewa zai turo magabatansa, amma ko kaza bai turo ba.

Ta maƙala masa na'urar a yatsa. Dokar aikin ita ce a yi shiru, yau kam ita ta karya ta.

"An mayar da ni Birnin Kebbi, jibi zan tafi. Inna ta ce in tambaye ka, ka shirya ko a'a?"

Ya dafe ƙirji. "Haba Altine! Kin tsinka mini zuciya. In kin tafi, mutuwa zan yi."

Ba shi ta duba ba, allon ta duba. Ɗazu da aka ce wa wani tsoho kwalekwalensa ya kwance, sai da bugunsa ya yi tsalle. Na Mati kuwa yana tafiya a natse, kamar na wanda ya ƙoshi yana gyangyaɗi.

Ta zare na'urar ta goge.

"Lafiyarka ƙalau, Malam Mati, za ka yi tsawon rai. Tashi ka ba ni kujerata."