Mai Ƙorafin Rumfar Manhaja

Ƙorafi na arba'in da ɗaya ya shigo ranar Talata da hantsi, Zainulabidin na shan shayi a shagonsa na Gwarzo.

"A gaya wa mai shafin nan, akwatin liƙa kod yana cinye tazarar farkon layi. Duk wanda ya kwafa, ba zai yi masa aiki ba."

Ya ture kofin gefe. Yelwa ne kuma.

Shekara biyu ke nan da ya buɗe Rumfar Manhaja, shafin da masu koyon rubuta kod, wato umarnin da ake gina manhaja da shi, ke haɗuwa su yi tambaya da Hausa a amsa musu da Hausa. Mutum dubu uku ne a ciki, kowa Zainu yake ce masa, masu neman fada har da Oga Zainu. Mutum ɗaya tak, mai shiga da sunan Yelwa, bai taɓa rubuta sunansa ba. Kullum "mai shafin nan", sai ka ce sunan zai ƙona masa yatsa. Wannan rainin ya fi ƙorafin kansa ci masa rai.

Ga shi ƙorafin ba ya ƙarewa. Rubutu ya yi ƙanana. Shuɗi a kan baƙi ba ya karantuwa a cikin rana. Hotuna na shan data, a wannan marra da mutum ke zaɓa tsakanin data da kuɗin mota. Tilasta wa kowa sa hotonsa yana korar mata. Sanarwa na shigowa ana tsakiyar huɗuba. Abin haushin kuma, duk wanda Zainu ya lallaɓa ya gyara, sai mutane su ƙaru.

Mutumin ya san aiki, wannan ba musu. Amma yakan kawo misali da tsofaffin yarukan kwamfuta da ba wanda ke taɓa su yanzu. Zainu ya ce wannan ɓad-da-kama ce. Lambar wayar da aka yi rajista da ita kuwa, ya kira ta fi sau ashirin, kullum a kashe.

Ba sai ya je wajen mai duba ba. A wajensa, Yelwa ba kowa ba ne illa Hambali na Kabo. Tare suka kafa shafin, suka rabu bara a kan maganar sa talla, Hambali ya je ya buɗe nasa. Wa ya san lungunan Rumfar kamarsa? Wa zai ji daɗi a ga kasawarta a bainar jama'a?

Sai ga saƙo na arba'in da biyu, wanda ba ruwansa da kod.

"Mai shafin nan ya rage zama gaban na'ura. Ya rame."

Ashe har kallonsa ake yi. Ya tuna ɗaurin auren da aka yi a Getso ranar Juma'a, inda ya hango Hambali a can gefe suka kau da kai. Ya fara duba ƙofar shago duk sanda babur ya tsaya.

A ranar ya rubuta a saman shafin, inda kowa zai gani: Yelwa Hambali ne, munafuki ne, kuma da an yi masa tarbiyya a gidansu da bai zauna yana leƙen mutane ta bayan labule ba. Ya danna, ya ji sanyi a ransa na kusan awa guda.

Kafin mako ya zagayo mutum ɗari huɗu sun fice, wasu suna cewa in haka ake yi wa mai ba da shawara to su ma an kusa zuwa kansu. Hambali kuma ya kai ƙarar ɓata suna ofishin Hisba, aka sa ranar sulhu, aka ce kowa ya zo da babbansa. Zainu ya san lissafin: ko ya tabbatar da zarginsa, ko Rumfar ta watse.

Mahaifinsa, Malam Ja'afaru, ya taso daga Getso da sassafe. Tsohon ma'aikacin banki ne a Kano, a ɗakin na'urorin lissafi, da aka sallama tun zamanin tsuke bakin aljihu, ya koma gona bai ƙara maganar ba. A hanyarsu ta zuwa ofishin Hisba bai ce masa uffan ba. Zainu bai yi mamaki ba, ɗan fari ne shi, tsakaninsu gaisuwa ce kawai, sauran saƙo ta bakin ƙanwarsa Badi'a yake zuwa. A bakin ƙofa tsohon ya ɗan tsaya yana lalube a aljihu, sannan ya shiga.

Malamin sulhu ya sa aka karanta rubutun Zainu da ƙarfi, kalma bayan kalma, har wajen tarbiyyar. Hambali ya rantse bai san Yelwa ba, idonsa ya yi ja.

"Zargi ba hujja ba ne," in ji malamin. "Me kake da shi?"

"Lambar da ya yi rajista da ita, Malam. Amma kullum a kashe take."

"Malam Hambali, fito da wayoyinka ka kunna su duka. Kai kuma kira mu gani."

Hambali ya jera wayoyi biyu a kan tebur. Zainu ya danna lambar, idonsa a kan wayoyin. Wannan karon ta shiga.

Wayoyin Hambali ko motsi ba su yi ba. Malam Ja'afaru ne ya zaro wata daga aljihun babbar rigarsa, ya ajiye ta gaban malamin tana ta ƙara, ya ce, ba tare da ya dubi ɗansa ba, "A sallami yaron mutane, Malam. Ni ne Yelwa."